Karatu da Zumunci: Yadda Jama'ar Ikilisiya Suka Ɗauki Aikin Bishara a Arewa

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Filato, ko kudancin Kaduna, ko Adamawa, ko kudancin Barno da Bauci ranar Lahadi da hantsi, zai tarar da wani abu da kan ba baƙo mamaki. Mutanen da a gidajensu Birom suke yi, ko Angas, ko Katab, ko Bura, ko Bacama, ko Tangale, da zarar sun shiga majami'a sai su buɗe littafi na Hausa, su yi waƙa da Hausa, su yi addu'a da Hausa. In an tashi daga sujada kuma, sai a ga dattawa sun zauna a inuwa suna ja-in-ja a kan ma'anar wata aya, nan ma da Hausa. Galibinsu ba Hausawa ba ne, har ma kakannin waɗansunsu sun daɗe a kan duwatsu don gudun harin bayi daga ƙasashen sarakuna. To, ta yaya harshen da mutane da yawa suke ɗauka tamkar ɗan'uwan Musulunci ya zama harshen ibadar miliyoyin Kiristoci?

Amsar da aka saba ji ita ce, aikin Turawan mishan ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma amsar ba ta cika ba. Turawan nan ba su taɓa yin yawan da za su kai kowane ƙauye ba, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta taƙaita musu wuraren shiga. Abin da wannan lacca za ta nuna shi ne, talakawan ikilisiya, wato manoma da matan aure da 'yan ƙodago da ƙananan malamai, su ne suka ɗauki nauyin aikin, kuma da abu uku suka ɗauke shi: karatun Littafi Mai Tsarki, da tattaunawa a kan abin da aka karanta, da fita zuwa wurin maƙwabta. Za a fara da asalin littafin kansa, domin ba a fahimtar sauran sai an san shi.

Asalin Littafin

A shekarar 1841 Ingila ta aiko da jiragen ruwa su bi kogin Kwara. Cikin tafiyar akwai wani Bajamushe ma'aikacin ƙungiyar mishan ta CMS, James Frederick Schön, tare da Samuel Ajayi Crowther. Tun daga wannan tafiya Schön ya sa Hausa a gaba, ko da yake bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. A Ingila ya sami wani yaro, Dorugu, mutumin yankin Damagaram, wanda ya je can tare da Heinrich Barth a 1855. Daga bakin Dorugu ne ya ɗebi da yawa daga cikin abin da ya buga a littafinsa Magana Hausa a 1885. Da taimakon irin waɗannan mutane aka buga Bisharar Matta da Hausa a 1857, aka kuma kammala Sabon Alkawari a 1880. Sai dai a lokacin littafi ne wanda ba shi da jama'ar da za ta karanta shi.

A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci wata ƙaramar tawaga zuwa Kano. A cikinta akwai likita Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus wurin Hausawan da ke can. Sarkin Kano Aliyu bai ba su wurin zama ba, suka juyo suka yada zango a Girku. A 1905 Miller ya sami zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta, kuma a 1929 aka mayar da aikin Wusasa, a bayan gari. A cikin shekarun nan ne shi da waɗansu malamai Hausawa, waɗanda ba kasafai ake ambaton sunayensu ba, tare da wakilan sauran ƙungiyoyin mishan, suka duƙufa ga fassara, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Jama'ar Wusasa ba ta da yawa, amma tana da asali mai ban sha'awa. Tun a tsakiyar ƙarni na 19, wani malami a Kano, Malam Ibrahim, ya tara almajirai yana ba da fifiko ga matsayin Annabi Isa bisa abin da ya fahimta daga karatunsa. Aka kashe shi a Kano, mabiyansa da ake kira Isawa suka watse, waɗansu suka nufi Ningi. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo wurin Miller, aka kafa musu zama a Gimi, inda ciwon barci ya hallaka da yawa daga cikinsu, ragowar suka haɗe da jama'ar Zariya. Daga wannan 'yar al'umma ta Wusasa ne aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa mai bishara ne da ya zo daga ƙasar Angas. Wannan misali na ƙarshe ya nuna inda littafin zai sami masu karanta shi da yawa, wato a wajen ƙasar Hausa.

Dalilin Zaɓen Hausa

Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugard ya yi alkawari cewa gwamnati ba za ta sa baki a addinin jama'a ba. Bisa ga wannan alkawari aka hana mishan yin aiki yadda suke so a ƙasashen sarakunan Musulmi, sai suka karkata ga ƙabilun da ke bin addinan gargajiya. Ƙungiyar SIM ta kafa tasha a Fategi a 1902, SUM ta fara a Wase a 1904, limaman Katolika suka sauka a Shendam a 1907, mutanen Danmak suka zauna a Numan a 1913, mishan ta 'Yan'uwa kuma ta yi sujadarta ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida a 1923.

A wannan yanki harsuna sun fi ɗari. Da fari kowace tasha ta yi ƙoƙarin koyon harshen wurin da take, har aka fassara waɗansu sassa na Bishara. Amma buga littafi don jama'a 'yan dubbai abu ne mai tsada, kuma ba a iya buɗe makarantar horar da ma'aikata ga kowane harshe. Hausa kuwa ta riga ta shiga kasuwanni, da barikin soja, da ofisoshin En'e, da sansanonin haƙar kuza na Jos, inda 'yan ƙodago daga ko'ina suke cuɗanya. Ƙungiyoyin mishan sun yi taro a Lakwaja a 1910, daga baya suka riƙa yi a Miango, inda suka raba wuraren aiki, suka kuma haɗa hannu kan littattafan da za su yi amfani da su tare. Da aka buɗe makarantar horarwa a Gindiri a 1934, da Hausa aka koyar, haka ma a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro.

Inda harshe ɗaya yake da jama'a mai yawa, ba a bi wannan hanya ba. Nufawa sun sami nasu cikakken littafi a 1953, Tibi kuma a 1964, shi ya sa har yanzu ikilisiyar Tibi da harshenta take sujada. Wannan ya nuna cewa larura ce ta sa aka zaɓi Hausa.

Ajin Karatu da Mai Bishara

Dokar ilmi ta zamanin Turawa ba ta yarda a buɗe cikakkiyar makaranta ba sai da izini da ƙwararren malami, amma ta yarda a buɗe ajin koyar da addini. Ta wannan ƙofa aka shiga ƙauyuka. Mai riƙe da ajin shi ne mai bishara, wanda sau da yawa manomi ne da ya yi 'yan watanni ko 'yan shekaru a makarantar Littafi Mai Tsarki. Yakan sauka a ƙauyen da ba nasu ba tare da iyalinsa, a ba shi gona, ya yi noma da damina kamar kowa, da yamma kuma ya tara yara da samari a rumfa yana koya musu baƙaƙe da wasula. Matarsa ita ke tara mata. A ikilisiyoyi da yawa na Furotesta, in ban da tsofaffi, ba a yi wa mutum baftisma sai ya iya karatu.

Wannan sharaɗi ya haifar da abin da watakila masu kafa shi ba su hango ƙarshensa ba. Mutumin da ya iya karanta littafin da kansa ya sami ma'aunin da zai auna maganar mai wa'azi, ko Bature ne ko baƙar fata. In an faɗi abin da bai gamsu da shi ba, sai ya nemi a nuna masa sura da aya. Ta haka ikon fassara ya fara zamewa daga hannun mutum ɗaya zuwa hannun jama'a. Ba da jimawa ba shugabanci ma ya bi sawu. A 1938 SUM ta naɗa fastocinta uku na farko, Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot. A 1954 ikilisiyoyin SIM suka haɗu suka zama ECWA, a 1955 kuma waɗanda suka fito daga SUM da maƙwabtansu suka kafa tarayyar da yanzu ake kira TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya. Abin lura shi ne, da Hausa aka raɗa wa wannan tarayya suna, haka ma EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya.

Yadda Ake Binciken Littafi Mai Tsarki

Wa'azi da bincike abu biyu ne dabam. A wa'azi mutum ɗaya ke magana daga bagadi, saura su saurara. Bincike kuwa akan yi shi ne wata rana a tsakiyar mako da yamma, ko ranar Lahadi kafin sujada a makarantar Lahadi, kuma kowa yana da bakin magana. Akan buɗe da waƙa da addu'a, a zaɓi sura, a karanta ta aya aya ana zagayawa, har wanda yake tuntuɓe a karatu a jira shi ya kai ƙarshen tasa. Sa'an nan jagora, wanda ba lalle ne ya zama fasto ba, ya jefa tambaya: me wurin nan ya ce, me yake nufi, me kuma ya shafe mu da shi? A ƙarshe a ba da ayar haddacewa ta mako.

Tambaya ta uku ita ce kan tsawaita zama. Alal misali, in ana karanta sura ta 2 ta Wasiƙar Yakubu, wadda take magana kan bangaskiya da ayyuka, saurayi yana iya miƙewa ya ce da dattijo, "Baba, in dai ta wurin alheri ake samun ceto kamar yadda Manzo Bulus ya koyar, don me ake sa wanda ya sha burkutu a ƙarƙashin horo?" Dattijon ba zai tsawata masa ba, domin wurin tambaya ne. Zai ce, "Ɗana, buɗe mu gani," a koma ga littafin, wata uwa daga gefen mata ta kawo tata ayar, a yi ta yi har duhu ya kore su.

Matsalar da ta fi daɗewa a irin wannan zama ita ce ta auren mace fiye da ɗaya. Yawancin ƙungiyoyin mishan sun ƙi yi wa mai mata biyu baftisma sai ya sallami ɗaya. Masu karatu kuwa sun ga Ibrahim da Yakubu da Dawuda a cikin littafin, kowannensu da mace fiye da ɗaya, sun kuma ga inda aka hana saki. Mata musamman sukan tambaya, wadda aka sallama ina za ta, 'ya'yanta kuma na wane ne? Irin wannan tambaya daga ikilisiyoyin Afirka ta kai har manyan majalisu. Taron bishop-bishop na Angilika a Lambeth ya hana baftismar mai mata da yawa a 1888, amma a 1988 ya yarda da ita bisa sharuɗɗa, ciki har da kada ya ƙara aure. Haka nan ake tattauna tsadar sadaki, da gadon gwauruwa, da tsoron maita, da zuwa wurin boka in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A irin wannan zama ne koyarwar da ta zo daga ƙetare take gamuwa da rayuwar gida, a daidaita abin da za a iya daidaitawa.

Zumuntar Mata

Ba a cika tarihin ikilisiya a Arewa ba tare da Zumuntar Mata ba. Ƙungiyar ta fara tsiro a shekarun 1930 da 1940 a tsakanin matan masu bi na farko, yanzu kuwa da wuya a sami ikilisiya, ta Furotesta ko ta Katolika, da ba ta da ita. An fi sanin matan zumunta da zanensu iri ɗaya da waƙoƙinsu, waɗanda suke rerawa da kiɗan tulu da caki da ƙuge. Turawan farko sun zo da waƙoƙin da aka fassara aka ɗora bisa muryoyin Turai, waɗansunsu ma sun hana ganga a majami'a. Matan ne suka dawo da salon gida, na mai bayarwa da 'yan amshi, suka riƙa ɗaukar labari ko aya su mayar da ita waƙa. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba takan san labarin Ayuba ko na ɓataccen ɗa daga farko har ƙarshe ta hanyar waƙa.

Amma waƙa ɓangare ɗaya ne na aikinsu. A taronsu na mako sukan yi nasu binciken, su koya wa juna karatu, da renon yara, da tsabta, da sana'ar hannu. Sukan kasa kansu don ziyarar marasa lafiya, da masu jego, da gidan makoki, da wadda aka daina gani a sujada. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a kan wannan karin magana aikin ya ginu. Mace tana shiga cikin gidan da namiji baƙo ba ya wuce zaurensa, don haka sau da yawa ta hanyar mata ne labari yake fara shiga gida. Kuɗin da suke tarawa kwabo kwabo ya gina majami'u, ya kuma ciyar da iyalan masu bishara a wurare masu nisa.

Fita Bishara

Tun kafin 'yancin kai, ikilisiyoyin suka fara aika nasu mutane. A 1948 aka kafa ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa wadda daga baya ta zama EMS ta ECWA, kuma baikon jama'a ne yake riƙe da ita. Mutumin Tangale ko na Kagoro, da Hausar da ya koya a aji, sai ya tafi wurin Maguzawa a ƙasar Kano da Katsina, ko ya haye zuwa Nijar. A can Nijar SIM ta fara aiki a Damagaram da Tsibiri kusa da Maraɗi a shekarun 1920, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma da littafin nan na Hausa ake sujada a wuraren.

Wata ƙofa ita ce ta jinya. A shekarun 1930 aka yarda mishan su riƙe sansanonin kutare a ƙasashen sarakuna, kamar Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Majinyata sukan yi shekaru a wurin, waɗansu su koyi karatu, kuma daga cikinsu aka sami waɗansu Kiristoci Hausawa na farko a waɗannan yankuna.

Babban yunƙuri na jama'a shi ne Sabon Rai Don Kowa, wanda aka fara a 1963, aka kuma ɗauko tsarinsa daga wani shiri da aka gwada a Latin Amurka. Tushensa shi ne, bishara aikin kowane mai bi ne. Aka kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, aka buga ɗan littafin koyarwa, aka horar da maza da mata su bi gida gida, da rani kuma, bayan an gama girbi, ƙungiyoyi su tafi ƙauyuka da ƙafa ko da keke. Ikilisiyoyi dabam dabam suka yi aikin tare, kuma har yanzu ana samun 'yan Sabon Rai da kiɗansu a ikilisiyoyi da yawa. Rediyo ma ya taimaka: tashar ELWA a Laberiya, wadda ta fara a 1954, ta watsa shirye-shiryen Hausa, haka ma tashar da ke Adis Ababa daga 1963 zuwa 1977, wadda ɗakin shirye-shiryenta na Jos ake kira Muryar Bishara. A makarantun sakandare kuma aka kafa tarayyar ɗalibai Kirista ta FCS a Gindiri a 1957. A ɓangaren Katolika, katikis ne ya yi aikin da mai bishara ya yi, kuma bayan babban taron Fatikan na 1962 zuwa 1965 aka koma yin sujada da Hausa a maimakon Latin.

Kalmomin da Aka Yi Tarayya a Kansu

Mai fassara zuwa Hausa ba ya samun harshe fanko. Ɗaruruwan shekaru na Musulunci sun riga sun cika Hausa da kalmomin addini, kuma da su aka yi aiki: Allah, Ubangiji, annabi, manzo, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, addu'a, sujada, wa'azi, Zabura, Attaura, Shaiɗan, har da zakka. Waɗansu kalmomin gida kuma aka ɗora musu sabon nauyi. Alheri, wanda a kasuwa yake nufin kyauta ko kirki, a ikilisiya ya ɗauki ma'anar tagomashin Allah da mutum bai cancanta ba. Bangaskiya, wato ba da gaskiya, ta zama kalmar imani. Zumunci, wanda asalinsa na dangi ne, ya faɗaɗa ya rungumi mutanen da ba su haɗa jini ko harshe ba.

Inda aka sami saɓani shi ne wajen sunaye. A 1979 aka buga sabuwar fassara, domin Hausar 1932 ta yi wa masu tasowa nauyi. Tsohuwar ta ce Yesu Kristi, sabuwar ta ce Yesu Almasihu. Matta ya koma Matiyu, Yohanna ya koma Yahaya, Kubawar Shari'a ta koma Maimaitawar Shari'a, Ru'ya ta Yohanna ta koma Wahayin Yahaya. Waɗansu sun yi murna, suna ganin an matso kusa da Hausar da maƙwabci Musulmi zai gane. Waɗansu kuma, musamman dattawan da suka haddace ayoyinsu da tsohuwar, suka ƙi sakinta, har ya zama a zama ɗaya ana iya jin fassara biyu. Wannan kansa ya zama abin bincike, domin in kalmomi suka bambanta, tilas a tambaya wace ce ta fi kusa da asali. An sake yin waɗansu fassarori bayan shekarar 2000, kuma yanzu da yawa a wayar hannu suke karantawa.

Tarayya a kalmomi tana da fuska biyu. Tana sa Kirista da Musulmi su iya zama su yi zancen addini ba tare da tafinta ba, abin da ba a samu a ƙasashe da yawa. Tana kuma iya ruɗarwa, domin kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu a bakuna biyu, kowa ya zaci ya fahimci ɗan'uwansa alhali bai fahimta ba.

Riba da Hasara

Ribar Hausa a fili take. Ta haɗa ƙabilun da a da ba sa jin juna, har waɗanda suka yi yaƙi da juna, ta ba su littafi ɗaya da waƙa ɗaya. Amma an biya farashi. Yaron da ya tashi yana addu'a da Hausa, yana karatu da Turanci, yakan ɗauka harshen kakarsa na gona ne da murhu kawai, kuma akwai ƙananan harsuna a Bauci da Filato da Adamawa waɗanda yanzu tsofaffi kaɗai ke jin su. Kasuwa da birni suna da nasu laifin, amma majami'a ma tana da kaso. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Don haka aka kafa cibiyar fassara ta NBTT a Jos a 1976, aka koma ga harsunan gida ɗaya bayan ɗaya. A birane kuma wata matsalar ce ta taso: matasa suna tafiya sujadar Turanci, iyaye suna ta Hausa, har gida ɗaya ya rabu gida biyu ranar Lahadi.

Jarrabawa mafi tsanani kuwa ta zo daga rikice-rikice, irin na Kafancan a 1987, da Zangon Katab a 1992, da Jos a 2001, inda Kirista da Musulmi duka suka yi asarar rayuka da dukiya da wuraren ibada. A 2014 aka sace 'yan matan Cibok, waɗanda akasarinsu 'ya'yan EYN ne, a wannan shekara kuma Boko Haram ta mamaye hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi. EYN kuwa tun asalinta ikilisiya ce mai koyar da ƙin ɗaukar makami. A irin wannan hali, surorin da suke magana kan ƙaunar maƙiyi da yafe wa mai laifi sun daina zama darasin haddacewa kawai. Matar da aka kashe wa miji tana zaune a ajin, saurayin da aka ƙone wa gida shi ma yana nan, kuma tilas jagora ya karanta wurin a gabansu. Ba kullum ake tashi da baki ɗaya ba. Akwai masu cewa kare kai wajibi ne, akwai masu cewa ramuwa ta Allah ce. Amma akwai shaidar cewa tattaunawa tana iya sauya mutum. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, waɗanda suka kasance a ɓangarori biyu masu gaba a rikicin 1992, sun haɗu sun kafa cibiyar sulhu a Kaduna a 1995, kuma kowannensu daga littafin addininsa ya samo hujjar yin haka.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Turawan mishan sun kawo littafi, sun kuma zaɓi harshe bisa larura, amma abin da ya biyo baya aikin 'yan ƙasa ne. Mai bishara da allonsa a rumfa, da matan zumunta a hanyar gidan makoki, da saurayin da ya nemi a nuna masa sura da aya, su ne suka mayar da littafin 1932 abin jama'a. Ga masu nazarin harshe, wannan yana nufin akwai wani reshe na adabin Hausa, na waƙoƙi da wa'azi da fassara, wanda ya kusa shekara ɗari yana girma, kuma ya cancanci a tattara shi a yi nazarinsa kamar sauran. Ga masu nazarin zaman jama'a kuwa, ya kamata a lura cewa Hausa ta zama gadon Musulmi da Kirista duka, kuma mutanen da suke kiran Allah da suna ɗaya, suke neman gafara da kalma ɗaya, suna da abin da za su fara magana da shi duk ranar da suka zauna.